Me ya sa masu bakan gargajiya suka ƙi sakin kibiyar alminiyom?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum manyanmu. Akwai abin da yake ɗaure min kai. Masu harba bakan zamani mai tayoyi kusan duk sun koma kibiyar kabon, wato wadda ake yi da zaren kabon da gam, tuntuni. Amma in ka leƙa kwarin masu bakan gargajiya, wanda babu tayoyi babu abin saiti, musamman waɗanda suka daɗe a harkar, sai ka tarar da alminiyom a ciki. In gargajiya ake so tsantsa, ai itace ne. In kuma zamani ake so, ga kabon nan. To me alminiyom yake yi a tsakiya? Ƙarfin jan bakana laba 45 ne, kuma ina so in sayi kibau na dindindin, shi ya sa nake tambaya kafin in yi kasada.

Kabon Zalla:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kar ka wahalar da kanka. Sabo ne kawai. Da shi suka fara, da shi suka saba. Sayi kabon lamba 500 ka huta. Kabon ko dai yana miƙe ko ya karye, ba ya lanƙwashewa ya bar ka kana gyara.

Tsoho Mai Kwari:
Sabo yana ciki, ban musa ba. Amma ɗana, da sabo kaɗai ne da mun bari tun tuni, domin babu maharbin da yake son kibiyar da ba ta zuwa inda ya nufa.

Sabon Hannu, ɗauko kowane kyauron alminiyom ka duba jikinsa, za ka ga lamba huɗu. Mu ce 2016. Biyun farko faɗin kyauron ne, wato 20 cikin 64 na inci. Biyun ƙarshe kaurin bangon bututun ne, 16 cikin 1000 na inci. Shi ke nan. Wannan lambar ta gaya maka faɗinsa, ta gaya maka nauyinsa, ta gaya maka taurinsa. Wanda ka saya bana da wanda na saya shekarun baya da yawa, in duk 2016 ne na XX75, wato samfurin kyauron alminiyom na kamfanin Easton, haɗa su a kwari ɗaya ka harba, wuri ɗaya za su taru. Ina da tsofaffi da fentinsu ya koɗe, ina haɗa su da sababbi ba na bambancewa sai da ido.

Me ya sa wannan ya dame mu fiye da masu baka mai tayoyi? Domin mu da yatsu muke sakin tsirkiya. Lokacin da ta zame daga yatsu ba ta tafiya gaba sak, sai ta ɗan kauce gefe, kyauron ya lanƙwasa, ya kewaye mariƙin bakan, sannan ya miƙe a iska yana karkarwa. Yawancin bakunanmu kuma ba a fafe mariƙinsu har ya wuce tsakiya ba, wasu ma a kan hannu kibiyar take zama. Saboda haka dole lanƙwasar nan ta zo daidai da ƙarfin bakan. In kyauron ya yi tauri da yawa, zai bugi mariƙi ya kauce. In ya yi laushi, zai yi ta wutsil-wutsil. Mai tayoyi yana da maɓallin saki, kibiyarsa tana bin tsakiya, ko ta ɗan fi ƙarfin bakan tauri ba ta damunsa. Mu kuwa ɗan bambanci kaɗan yana fitowa a allon bara.

Sabon Hannu:
Na gode Baba. To amma shi ma kabon ai yana da lambar tauri. 500 ɗin da aka ce in saya fa?

Injiniya:
Bari in shigo nan da izinin Baba. Yadda ake auna taurin ɗaya ne ga su biyun. Ana ɗora kyauro a kan matokara biyu masu tazarar inci 28, a rataya masa nauyin giram 880 a tsakiya, a auna iya yadda ya sunkuya. In ya sunkuya rabin inci, shi ne 500. Ƙaramar lamba ita ce mai tauri.

Inda bambancin yake shi ne matakala. Kabon na farauta da aka fi samu yana zuwa ne 600, 500, 400, 340, 300. Tsalle ne manya-manya. Alminiyom kuwa duba: 1916 yana wajen 620, 2016 wajen 530, 2114 wajen 510, 2018 wajen 460, 2117 wajen 400. Ban ma lissafa duka ba. Kuma kana iya samun biyu masu tauri kusan ɗaya amma nauyi daban, ɗaya mai faɗi da siririn bango, ɗaya siriri mai kaurin bango. Mai bakan da yake da zaɓen tauri yana samun wanda ya dace da shi ba tare da dabaru da yawa ba.

Abu na biyu, bututun alminiyom ƙarfe ɗaya ne da aka ja ta cikin ma'auni har ya kai girman da ake so, don haka ta duk inda ka juya shi taurinsa ɗaya. XX75 da gamin 7075 ake yinsa, mai ɗauke da zinki, irin wanda ake aikin jiragen sama da shi. Kabon kuwa zare ne da gam ake naɗewa, kuma marasa inganci sukan zo da gefe ɗaya da ya fi sauran tauri. Masu kyau ba su da wannan matsalar sosai, gaskiya ce, amma sai ka san wanda kake saye.

Kabon Zalla:
Injiniya, wannan tsallen da kake magana ai ana cike shi. Ka bar kyauron da tsawo ya yi laushi, ka rage shi ya yi tauri. Ka ƙara nauyin tsini ya yi laushi. Akwai soket, wato ɗan ƙarfen da ake cusawa a bakin kyauro a ɗaura tsini a kansa, na tagulla mai giren 50, akwai mai 100. Giren ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi ne da ake auna kibiya da shi, ba giram ba ne. Da lambobin kabon guda uku kacal zan daidaita kusan kowane baka da za ka kawo min.

Tsoho Mai Kwari:
Za ka iya, na yarda, domin kai ka san aikin. Amma ka lura da abin da ka faɗa: sai ka ƙara tagulla, sai ka bar tsawo, sai ka canza tsini. Duk wannan neman abin da 2016 ta zo da shi daga masana'anta kake yi.

Ga lissafin nauyi, shi ne rabin maganar. 2016 tana da giren 10.6 a kowane inci. A inci 29 ka samu wajen 307. Ƙara tsini mai 125, ƙara soket da gashi da tsagar gindi, kana wajen 480. Raba da laba 45 na bakan yaron nan, ya haura giren 10 ga kowace laba. Nan ne bakan itace yake jin daɗi. Kabon mara nauyi mai taurin 500 yana iya zama giren 7 da ɗoriya a inci, kibiyar duka ba za ta kai 400 ba.

Ƙarfin da ka tara a baka lokacin da ka ja shi dole ya tafi wani wuri. Kibiya mai nauyi tana kwashe mafi yawansa. Mara nauyi tana barin saura a jikin bakan, shi ne kake jin tau a kunne, kake jin girgiza a tafin hannu har gwiwar hannu. Shi ya sa masu ƙera bakunan itace da yawa suke gargaɗin kada a sauka ƙasa da giren 8 ga laba. Ka harba 2018 a dogon baka ka saurara, wani ɗan dum za ka ji mai taushi, tsirkiya ta tsaya nan take. Mafarauci kuma ya san amfanin baka mara ƙara.

Mai Sida:
Ina ta sauraro ina jira a zo kan itace, sai na ga an tsallake shi. Duk abin da Baba ya faɗa na nauyi da rashin ƙara, itace ya riga alminiyom. Kyauron itacen sida na Port Orford, wanda ke fitowa daga jihar Oregon ta Amurka, shi aka daɗe ana yi da shi kafin wani bututu ya zo. Akwai kuma sufurus na Sitka, akwai fir na Douglas ga mai son nauyi. Kibiyar itace ba ta ƙara a kan mazauninta lokacin ja, ba ta da sanyin ƙarfe a hannu, kuma ko ta karye ƙamshin sida kaɗai ya isa ya rage maka baƙin ciki. Ni ban ga gargajiya a cikin bututu ba, ko da an zana masa jijiyar itace a jiki kamar yadda Easton suka yi wa samfurin Legacy.

Kuma ku sani, a gasar dogon baka ta World Archery, hukumar wasan harbin kibiya ta duniya, ta daji da ta gumakan dabbobi, itace kaɗai aka yarda da shi. Wanda yake da niyyar shiga wannan rukunin gara ya fara koyon itace tun yanzu.

Maharbiya:
Malam Mai Sida, ina son itace kamar yadda kake sonsa, ina ma yin nawa da hannuna. Amma mu faɗa wa ƙaninmu gaskiyar wahalarsa. Itace ba a sayar da shi da lamba ɗaya, sai dai rukuni na ƙarfin baka, laba 45 zuwa 50, 50 zuwa 55. A cikin dozin guda wani yana ƙasan rukunin wani yana samansa, nauyinsu ma ya bambanta. Sai ka zauna da sikeli da ma'aunin tauri ka tace. Sai ka duba yadda jijiyar itacen ta kwanta ka sa tsagar gindi ta gitta ta, in ba haka ba taurin ya canza, kuma ranar da zai tsage yana iya tsagewa ta wajen hannunka. Sai ka shafe shi da mai ko fenti don kada ya sha laima. Bayan duk wannan, ka ajiye shi lokacin damshi ka dawo ka tarar ya ɗan karkace, sai ka bi shi da tafin hannu kana miƙarwa.

Wanda hannunsa ya zauna zai ji daɗin wannan aikin. Amma sabon maharbi in kibiyarsa ta kauce, yana buƙatar ya san shi ne ya yi kuskure ba kibiyar ba. Da itacen da ba a tace ba, ba zai taɓa sani ba. Zai yi ta gyara tsayuwarsa da sakinsa alhali laifin na kyauro ne. Wannan shi ne babban abin da alminiyom yake yi wa mai koyo: yana cire kibiya daga cikin waɗanda ake zargi.

Mai Sida:
Wannan gaskiya ne Yaya, ban ja ba. Amma in bai fara ba yaushe zai iya?

Maharbiya:
Zai fara, in kibansa sun soma taruwa wuri ɗaya. Ba gudu itacen yake yi ba.

Kabon Zalla:
Har yanzu babu wanda ya amsa min maganar lanƙwashewa. Ka harbi kututture ka kuskure, kibiya ta goga dutse, shi ke nan alminiyom ya zama baka shi ma. Ka zare shi daga allo mai tauri ka ɗan karkata hannu, ya lanƙwashe. Kabon kuwa ka ɗauka ka kaɗe ƙura ka ci gaba. Mai yawon harbi a daji zai ƙarar da dozin na alminiyom kabon ɗaya bai mutu ba.

Tsoho Mai Kwari:
Yana lanƙwashewa, babu mai ɓoye wannan. Masu siririn bango irin 2114 sun fi saurin yi, masu kauri irin 2018 da 2219 suna da juriya ƙwarai. In lanƙwasa ce mai laushi ana miƙar da ita, akwai ɗan injin da ake yi da shi mai agogon awo, wasu ma da hannu da ido suke yi. In ya yi ƙulli ko ya loɓa, to ya mutu, a yar.

Amma ka ce ka ɗauka ka kaɗe ƙura ka ci gaba. Nan ne nake jin tsoro, ɗana. Alminiyom in ya ji ciwo yana nuna maka. Ka ɗora shi a kan tebur mai santsi ka mirgina, ko ka tsayar da tsininsa a tafin hannu ka juya shi, in akwai matsala za ka ga gindin yana rawa. Kabon yana iya tsagewa ta ciki, waje sumul. Ka ɗora a tsirkiya ka ja ka saki, ya fashe a lokacin da duk ƙarfin bakan yake bayansa, kuma hannunka na riƙo yana gabansa. Ba ya karyewa gida biyu lafiya lau, tsiraruwa yake yi masu kaifi, kuma cire su daga nama aikin asibiti ne.

Maharbiya:
Wannan kam a ɗauke shi da muhimmanci. Duk mai harba kabon, bayan kowane bugu mai ƙarfi ko in kibiya ta bugi 'yar'uwarta a allo, ya riƙe ta baki da gindi nesa da fuska, ya ɗan tanƙwara, ya juya ya sake tanƙwarawa, kunnensa a buɗe. In ya ji ƙas-ƙas ko kaɗan ne, kada ya ajiye ta a gefe da niyyar dubawa daga baya. Ya karya ta a wurin, don kada wani ya tsinta ya harba. Masu yin kabon ɗin da kansu suna rubuta wannan gargaɗin.

Kabon Zalla:
Ina yin wannan gwajin kullum, daƙiƙa kaɗan ne. Kuma itace ma yana fashewa a hannu, ba kabon kaɗai ba.

Ga wani abu da ba ku taɓo ba. Kabon ya fi siranta, iska ba ta ture shi sosai, kuma yana shiga nama da sauƙi tunda kyauron bai kai tsinin faɗi ba. Binciken da Dakta Ed Ashby ya daɗe yana yi a kan manyan namun daji ya nuna amfanin kibiya mai nauyi wadda nauyinta ya taru a gaba. Ya yi maganar giren 650 don fasa ƙashi mai kauri, da rinjayen gaba na kashi 19 cikin 100 zuwa sama. Da kyauro mara nauyi ne kake samun wannan cikin sauƙi, ka tara nauyin duka a tsini. Alminiyom nauyinsa a baje yake tun daga baki har gindi.

Injiniya:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ita ce ta sa mafarauta da yawa masu bakan gargajiya suka koma kabon. Kada mu ce duk masu gargajiya alminiyom suke harbawa, ba haka ba ne. Haka ma a nesa: a mita 70 na gasar Olamfik babu mai harba alminiyom zalla yanzu. Kibiyar X10 ta Easton da ta fito a wasannin Atlanta na 1996 siririn bututun alminiyom ne a ciki, kabon a waje. Amma ku shiga gasar cikin ɗaki ta mita 18, za ku ga manyan maharba da alminiyom 2315 mai faɗi, domin babu iska, kuma faɗinta yana taɓa layin maki. Doka ta tsayar da faɗi a milimita 9.3, ita kuma tana ƙasa da haka kaɗan. Mai bakan gargajiya yawancin harbinsa a irin wannan tazarar yake, mita 15 zuwa 25. A nan saurin kabon bai ba shi wani abin kirki ba.

Tsoho Mai Kwari:
Mai Sida ya ce bai ga gargajiya a bututu ba. Doug Easton, wanda ya kafa kamfanin Easton, da kansa da kibiyar itace ya fara a California a 1922. Rashin daidaiton itacen ne ya dame shi har ya soma gwada alminiyom a 1939. A 1941 Larry Hughes ya ci gasar ƙasa ta Amurka da irin waɗannan kibau. XX75 ta fito a 1958. Bakan tayoyi kuwa sai a ƙarshen shekarun 1960 ya bayyana. Wato lokacin da alminiyom ya kafu, kowane baka a filin gasa mara tayoyi ne kamar namu, kuma a kansa aka tsara lambobin nan. Ko a Japan, inda masu kyudo, wato harbin baka na gargajiyarsu, suke riƙe da al'adarsu gam, ɗalibai da yawa da alminiyom suke atisaye, 1913 da 2015, gora kuwa sai hannu ya nuna.

Mai Sida:
Sai hannu ya nuna, ka ji ko Baba. Ƙarshen tafiyar dai can ake komawa.

Tsoho Mai Kwari:
Ga wanda yake so, Allah ya ba da sa'a. Ni ina da duka biyun.

Sabon Hannu:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Tambaya ta ƙarshe: aikin haɗawa fa? Ba ni da kayan aiki.

Maharbiya:
A nan ma ya fi sauƙi. Ƙaramin abin yanka bututu irin na masu aikin famfo yana yanka alminiyom, ka bi a hankali kada ka matse, sannan ka kankare bakin ta ciki. Kabon sai zarto mai gudu sosai, kuma ƙurarsa tana da illa in an shaƙa. Soket ɗin da gam na narkawa ake sa shi: ka ɗumama, ka tura, ka juya. In kana so ka canza ko ka daidaita tsinin farauta da gashi, ka sake ɗumamawa kaɗan ya saki. Wuta kaɗan fa, kada ka gasa kyauron, zafi mai yawa yana kashe ƙarfinsa. Kabon kuwa ba ya son wuta ko kusa. Wani amfanin kuma, in ta nutse cikin ciyawa na'urar neman ƙarfe tana gano ta tun daga baki har gindi.

Tsoho Mai Kwari:
Nawa ne tsawon janka, kuma dama kake ko hagu?

Sabon Hannu:
Inci 28 Baba, kuma da dama nake ja. An ɗan fafe mariƙin amma bai kai tsakiya ba.

Tsoho Mai Kwari:
To kada ka sayi dozin tukuna. Nemi 1916 kaɗan da 2016 kaɗan, ka bar su da tsawonsu, ka sa tsini mai giren 125. A kowane iri ka bar ɗaya babu gashi. Tsaya kusa, kamar mita 10, ka harba masu gashi sannan ka harba mara gashin, ka maimaita har ka ga inda take yawan sauka. Tunda da dama kake ja, in tana sauka dama da sauran, ta yi laushi, sai ka rage tsawo kaɗan-kaɗan, kwatan inci a lokaci guda. In tana sauka hagu, ta yi tauri, sai ka ƙara nauyin tsini ko ka koma 1916. In tana sama ko ƙasa, wannan ba tauri ba ne, ƙullin da ke kan tsirkiya ne za ka matsar. Da mariƙin da bai kai tsakiya ba ina kyautata zaton 1916 ce za ta yi maka, amma allo ne zai faɗa.

Kuma duk yadda za ka yanka, ka bar aƙalla inci ɗaya ya wuce gaban bakan in ka ja har ƙarshe.

Kabon Zalla:
Ka haɗa da kabon 600 guda biyu a gwajin, ka dawo ka gaya mana abin da ka gani.

Sabon Hannu:
In sha Allah zan haɗa. Gashin fa, inci 4 ko 5?

Maharbiya:
In tsinin atisaye ne 4 ya isa. Ka tabbata dai duk na fiffike ɗaya ne, kada ka haɗa na dama da na hagu a kibiya guda.